Ɗana ya kasa shiga hirar sa'o'insa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 14. A gida bakinsa ba ya hutawa, amma cikin sa'o'insa ko ya yi tsit, ko ya faɗo musu da zancen da ba shi ake yi ba, har su watse su bar shi. Na yi faɗa, na yi lallashi, babu canji. Me zan yi? Daga wata uwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki fara ajiye faɗan. Ce wa yaro "ka saki jiki" ba ya nuna masa abin da zai yi da bakinsa. Hira koyonta ake yi, kuma tunda yana magana a gida, abin da ya rage masa shi ne sanin ƙofar shiga.

Shirin PEERS na koya wa matasa hira da yin abota, wanda Dakta Elizabeth Laugeson ta tsara a jami'ar UCLA ta Amurka, ya rarraba wannan ƙofa daki-daki. Yaro ya tsaya nesa kaɗan ya saurara har ya gane kan zancen. Idan abin da ya sani ne, ya matso. Ya jira a ɗan numfasa, sannan ya jefa magana guda ko tambaya a kan abin da ake tattaunawa. Nan ɗanki yake tuntuɓe: yana tsallake sauraron, sai ya shigo da nasa zancen, su kuma su ji kamar an ƙwace musu hira. Bayan ya yi magana ya duba: sun juyo gare shi, sun amsa? Idan sun ba shi baya, ya janye a hankali. Ki gaya masa tun yanzu cewa ko gwanin hira ba kullum ake karɓarsa ba, don kada ƙi ɗaya ya karya masa gwiwa.

Ku gwada a gida, minti 10, sau biyu ko uku a mako. Ke da wani ku riƙa hira, shi ya nemi shiga. Abu ɗaya tak za ki gyara a kowane zama, kuma ki fara da abin da ya yi daidai. Gyara biyar a lokaci guda na sa yaro ya rufe baki. Kada ki gyara shi gaban mutane, kada kuma ki amsa tambayar da shi aka yi wa. Tausayi kan sa iyaye su yi wannan kuskuren.

Sai wurin gwaji. Abota kan ƙullu ne a kan abin da aka haɗu ana so, don haka ki nema masa ƙungiyar ƙwallo, karatu ko aikin hannu. Farawa da aboki ɗaya ya fi masa sauƙi a kan taro.

Akwai inda muke so ki sa ido. Idan tsoron mutane ya kai yana ƙin makaranta, zuciyarsa na bugawa, yana gumi ko ciwon ciki kafin haɗuwa da jama'a, kuma abin ya kai wata 6, ki kai shi wurin likitan halayyar ɗan'adam. Irin wannan fargaba ta fi farawa a daidai shekarunsa, kuma tana jin magani. Haka nan idan tun yana ƙarami ba ya gane wasa, habaici ko sauyin fuska, a duba shi ko akwai otizim (yanayin ƙwaƙwalwa da ke wahalar da mu'amala da mutane), a kuma auna jinsa.