S-Class, 7 Series ko A8: wacce ce ta fi kwarjini? Amsoshin tambayoyinku

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan karon a kan manyan motocin alfarma masu ƙofa huɗu suke, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce ta sauya riga: wacce ta fi kyau, wacce ta fi girma a idon jama'a? Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Na haura shekara sittin, kuma direba ke tuƙa ni. Zuciyata tana kan Marsandi S-Class, amma 'ya'yana sun nace sai sabuwar BMW 7 Series, wai S-Class ta zama tsohon yayi. Ni da su wa ya fi gaskiya?

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, 'ya'yanka ba su yi ƙarya ba da suka ce BMW ta fi ɗaukar ido. Wadda aka fitar a 2022 an ƙera ta ne domin duk wanda ya gan ta ya waiwaya. Tsawonta ya kusa mita 5.4, ragar gabanta ta cinye kusan rabin fuskar motar, an raba fitilunta hawa biyu, sirara a sama, manya a ƙasa. A gidan baya kuma ana iya saka allon kallo mai inci 31 da ke saukowa daga rufi. Saurayi ya ga wannan, dole ya ce S-Class ta tsufa.

Sai dai kamfanonin biyu ba hanya ɗaya suke bi ba, kuma sun daɗe a haka. Mercedes-Benz ta fara kiran babbar motarta S-Class a 1972. Bruno Sacco, wanda ya jagoranci sashen zanen motocin kamfanin daga 1975 zuwa 1999, ya tsaya a kan ƙa'ida guda: kada sabuwar mota ta sa wadda ta gada ta zama abin kunya. Shi ya sa idan ka jera S-Class ta 1979 da ta 2013 da ta 2020, za ka ga jini ɗaya ne. Layukan jikinsu a kwance suke, babu wani abu da ke yi maka ihu. Wanda ya sayi ta jiya ba ya jin an bar shi a baya idan ta yau ta fito.

BMW kuwa takan yi tsalle ne. 7 Series ta 1994 har gobe masoya mota na sa ta cikin mafi kyawun abin da kamfanin ya taɓa ƙerawa: siririya, ƙasa-ƙasa, komai daidai wa daida. Da ta 2001 ta fito, a zamanin da Chris Bangle ke shugabantar zane, sai aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan bayanta mai tudu da kuma maɓallin iDrive da ya tattare yawancin ayyukan motar wuri guda. An zage ta iya zagi, amma ta fi wadda ta gada kasuwa, kuma daga baya abokan hamayya suka kwaikwayi wancan maɓallin. A 2019 aka sake faɗaɗa ragar gaba da kashi 40 cikin ɗari, aka sake yin surutu. Wato BMW ta saba da caca da fuskarta. Wani lokaci lokaci ya ba ta gaskiya, wani lokaci kuma motar ta tsaya a shekarar da aka haife ta, duk wanda ya gan ta ya san yayin da aka yi ta.

A nan ne nake ganin kai ka fi kusa da gaskiya. Kwarjinin babbar mota ba a ranar da aka fito da ita daga wurin dillali ake auna shi ba. A shekara ta bakwai ko ta takwas ake aunawa, lokacin da allon da ya burge kowa ya zama na da, wayar da ke aljihun jikanka ta fi shi sauri. Abin da ke saura a lokacin shi ne surar motar, da yadda ƙofa ke rufuwa, da yadda take haɗiye gargadar hanya. A waɗannan S-Class ta daɗe tana zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Ba a banza sunan ya kafu ba: a jikinta Mercedes ta fara sayar da birkin ABS na lantarki a 1978, wanda ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, kuma a jikinta Mercedes ta fara saka jakar iska ta direba a 1981. Mutane sun saba ganin abin da ya fara a S-Class ya bazu zuwa sauran motoci bayan wasu shekaru.

Ban ce ta tsira daga yayi ba. Ta 2020 ita ma ta cika gabanta da babban allo, ta rage maɓallai, har sanyaya ɗaki sai an shafa gilashi. Ni wannan bai kwanta mini ba a motar da dattawa suka fi saye.

Ga abin da zan roƙe ka. Tunda a baya kake zama, kada ka bari a gwada maka motar daga kujerar direba. Ka sa direbanka ya ja kowacce, kai kana kujerarka ta dama a baya, a bi hanya marar kyau, a kashe rediyo. Ka lura da yadda kake shiga da fita, ko sai ka sunkuya da yawa, ko gwiwarka na samun sarari, ko kana iya magana a waya ba tare da ɗaga murya ba. BMW ɗin ta fi tsayi daga ƙasa, kuma wasu masu shekaru sun fi jin daɗin shigarta saboda haka, don haka ka ba ta haƙƙinta. Idan bayan wannan har yanzu zuciyarka na kan Marsandi, ka saye ta hankali kwance. Kai za ka zauna a ciki, ba yaran ba.

Tambaya: Ni mace ce, ina shugabantar kamfani, kuma ni nake tuƙa kaina. Ina son babbar mota mai daɗi amma ba na son a riƙa bina da kallo. Na duba Audi A8, Lexus LS da Genesis G90. Abokan aiki suna cewa Lexus ai Toyota ce, Genesis kuma Hyundai ce aka sauya wa suna. Wannan zai rage mini daraja?

Amsa: Hajiya, abin da suka faɗa gaskiya ne ta fuskar mallaka, amma bai kai hujja ba. Toyota ce ta kafa Lexus, Hyundai ce ta ware Genesis a matsayin kamfani mai cin gashin kansa a 2015. Haka nan Audi da Bentley suna ƙarƙashin Volkswagen, Rolls-Royce kuma ta BMW ce. Babu mai ce wa Rolls-Royce BMW ce aka sauya wa suna.

Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, tambari na da nauyi. Volkswagen ta gwada a 2002 da Phaeton, mota mai inganci ƙwarai wadda ta yi tarayya da Bentley Continental a ginshiƙi, aka gina mata masana'anta mai bangon gilashi a Dresden. Masu kuɗi suka ƙi biyan farashin alfarma a kan tambarin da suka saba gani a ƙananan motoci. A 2006 aka janye ta daga kasuwar Amurka, a 2016 aka daina ƙera ta. Toyota ta hango wannan ramin tun da wuri, shi ya sa da ta fitar da LS 400 a 1989 ta ba ta sabon suna da dillalai na daban. Motar ta zo da injin V8 mai shiru sosai, a farashin da ya yi ƙasa da na Jamusawa nesa ba kusa ba. Watanni kaɗan da fara sayarwa aka gano 'yan matsaloli, kamfanin ya kira motoci kusan 8,000, dillalai suka je har gida suka ɗauko, suka gyara, suka mayar a wanke da tanki cike. Daga irin wannan ne darajar Lexus ta ginu, kuma daraja ce ta rashin ba mai ita wahala. Ga mace mai tarin aiki wadda ba ta da lokacin zaryar gareji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma kin ce ba kya son kallo, kuma a nan A8 ce ta fi dacewa da bayaninki. Tun fitowarta a 1994 da jikin alminiyam da tsarin quattro mai jan ƙafa huɗu, salonta na kamewa ne. Wanda bai san mota ba zai iya ɗaukarta A6 ce ta ƙara tsawo. Wasu na ganin wannan aibi ne, ni kuwa ina ganin shi ne ƙarfinta, kuma ba mamaki Gerhard Schröder da Angela Merkel suka hau ta lokacin da suke shugabancin gwamnatin Jamus. Lexus LS da ta fito a 2017 ta bar salon kamewa na LS ɗin farko, ragar gabanta babba ce mai tsukakken ƙugu, ko dai ta burge ki ko ta dame ki. Cikinta ne abin kallo, musamman wadda aka yi wa ado da sassaƙaƙƙen gilashin Japan da yadin ƙofa mai naɗin hannu. G90 kuwa kyakkyawa ce ƙwarai, da siraran fitilunta masu layi biyu, amma sunan sabo ne tukuna, kuma ƙaramin suna yakan sa mota ta fi saurin faɗuwa idan an zo sayarwa. Idan za ki riƙe ta shekaru da yawa, wannan ba zai dame ki ba.

Tambaya: Mercedes-Maybach ta kai Rolls-Royce da Bentley daraja?

Amsa: Malam, a wajen jin daɗin zama ta kai, wani lokaci ma ta wuce. A wajen daraja ba ta kai ba. Mercedes ta farfaɗo da Maybach a 2002 a matsayin kamfani mai zaman kansa don ta kara da waɗancan biyun, aka shekara goma ba a sayar da abin da ya wuce kusan 3,000 ba, aka rufe. Da sunan ya dawo a 2014 sai ya dawo a matsayin S-Class mafi tsada: an ƙara mata tsawo, ta yanzu da santimita 18, an ba ta fenti mai launi biyu da injin V12 ga mai so. Ta samu karɓuwa sosai, amma daga nesa S-Class ake gani.

Rolls-Royce ba ta kama da komai sai kanta: ragar gaba a tsaye, 'yar mutum-mutumin da ke kan hancinta tun 1911, ƙofofin baya masu buɗewa ta baya. Darajar sunan kaɗai ta bayyana a 1998, lokacin da Volkswagen ta sayi masana'antar Crewe a Ingila, inda ake ƙera Rolls-Royce da Bentley a lokacin, BMW kuma ta biya fam miliyan 40 ta karɓi suna da tambari kawai, sannan ta gina sabuwar masana'anta a Goodwood ta fitar da Phantom a 2003. Bentley ta zauna a Crewe, kuma Flying Spur ɗinta ta fi karkata ga mai son riƙe sitiyari da kansa.

Tambaya: Ni matashi ne. Kuɗin da zan sayi sabuwar matsakaiciyar mota zai iya sayo mini S-Class ko 7 Series mai shekara goma. Ina son a san na iso. In saya?

Amsa: Ƙanena, na fahimci abin da ke jan ka, kuma ba laifi ba ne mutum ya so a girmama shi. Amma ka tambayi kanka me ya sa motar da aka saya da tsada haka ta faɗi warwas. Farashin saye ne ya sauka, na gyara yana nan inda yake. Shokazoba mai iska da ke ba ta wannan laushin tana da roba da famfo, kuma dukansu suna gajiya da shekaru. Ranar da ɗaya ta saki, za ka tashi ka tarar motar ta durƙusa gefe guda. Kujeru, ƙofofi, fitilu da na'urar sanyi kowanne da ƙaramar kwamfutarsa, kuma ba kowane bakanike ne ke da na'urar karanta su ba. Idan A8 ce aka buge, jikin alminiyam sai mai gyara na musamman. Babbar motar da ba a kula da ita kamar babbar riga ce da ta sha datti, girmanta ne ma ke ƙara tona asirin mai ita.

Idan ka nace, to ka nemi wadda takardun sabis ɗinta suke cikakku tun daga farko, ka guji mai silinda 12, ka ɗauki mai 6 ko 8. Ka sa ƙwararre a kan wannan samfurin ya ɗora ta a na'ura kafin ka biya ko sisi, ka kuma bar ta ta kwana a ajiye ka ga ko za ta zauna. Sannan ka ware wani kaso mai kauri na kuɗin don gyaran shekarar farko. Idan kuɗin saye kaɗai ke hannunka, ka ɗauki E-Class ko 5 Series mai ƙarancin shekaru, ko Lexus LS idan dole sai babbar.