Amsa ga ɗalibin da ke son buɗe kamfanin garin kunu

Wani ɗalibi ɗan aji uku a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ya rubuto mini daga Katsina. Ya ce mahaifiyarsa gwana ce wajen haɗa garin kunun gyaɗa da yajin daddawa a gidansu da ke wajen Ƙofar Marusa, shi kuma yakan ƙulla a leda ya kai makaranta, kuma kafin sati ya zagayo ya ƙare. Yanzu yana da naira 150,000 da ya tara. Wani abokinsa ya ce zai zuba 200,000 amma a riƙa ba shi 15,000 duk wata. Akwai kuma wani ejan da ya nemi 80,000 don ya yi musu rajistar kamfani mai "Limited" a ƙarshen suna. Tambayarsa ita ce: ya fara da rajistar, ko yaya zai yi?

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ɗalibin da yake tunanin abin da zai riƙe kansa da shi tun kafin ya karɓi takardar digiri ya riga tsararsa farkawa. Amma ka riƙe 80,000 ɗinka tukuna. Fiye da rabin abin da ka mallaka ke nan, kuma takardar da za a ba ka ba za ta sayar maka da ƙulli ɗaya ba. Na sha ganin matasa sun kashe uwar kuɗinsu wajen satifiket da hatimi da katin ofis, suka sa takardar a gilashi suka rataye a ɗaki, kuɗin sayen kaya kuwa babu.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne abin da ba ka faɗa ba. Ka ce kaya na ƙarewa, ba ka ce nawa kake samu ba. Ina zaton ba ka sani ba ne, kuma yawancin masu farawa haka suke. Bari mu yi lissafi da misali, ka sauya lambobin da naka na gaskiya. A ce a yi ɗaya kun sayi gyaɗa da shinkafa da kayan ƙamshi na 60,000, aka samu ƙulli 100, kana sayar da kowanne 1,200. Kuɗin da zai shigo 120,000 ne, sai zuciyarka ta ce maka ka ci ribar 60,000. To ina kuɗin suya da niƙa, a ce 6,000? Leda da sitika 8,000? Kuɗin Keke Napep daga gida zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa wajen inji, daga nan zuwa hanyar Dutsin-Ma, 4,000? Datar da kake tallata kayan da ita a WhatsApp, 2,000? Sannan ladan mahaifiyarka, a ce 10,000? Jimla 90,000 ke nan, ribar ta koma 30,000. Idan ƙulli 10 suna hannun abokai da suka ce sai an turo musu kuɗi daga gida, 5 kuma ka bayar kyauta ga maƙwabtan ɗaki da mai gadi, abin da ya rage maka a hannu 12,000 ne. Wannan ita ce kasuwarka ta gaskiya, kuma ita ya kamata ka sani kafin ka yi wa kowa alkawarin 15,000 a wata.

Ka lura na sa ladan mahaifiyarka a cikin lissafi. Na san za ta ce maka, "Haba, ni da ɗana?" Kada ka yarda. Ita ke tsintar gyaɗa tiya bayan tiya, ita ke tsaye gaban murhu tana juyawa har hayaƙi ya cika mata ido, ita ta san daidai lokacin da za a sauke kafin ta ƙone. Ka yanka mata hakkinta a kan kowane yi, ka damƙa mata a hannu. Wannan biyayya ce, kuma lissafi ne, domin ranar da ba ta da lafiya ko ta yi tafiya dole ka biya wata ta yi aikin, kuma idan farashinka bai ɗauki wannan kuɗin ba tun farko, ranar za ka gane cewa da guminta kake cin riba.

Saboda haka ka sayi littafi mai ganye 60 yau ɗin nan. Gefe guda abin da ya fita, gefe guda abin da ya shigo, bayan littafin kuma sunayen masu bashi da kwanan wata. Duk dare kafin ka kwanta ka rubuta, ko da naira 200 ce ta ruwan leda da ka sha a kasuwa. Ka kuma ware asusun banki daban wanda kuɗin kunu kaɗai ke shiga. Idan kuɗin da Baba ya turo na abinci da kuɗin ciniki suka haɗu a asusu ɗaya, wata uku ya isa ka cinye jarinka a shayi da indomi ba tare da ka san ranar da ya ƙare ba. Idan kana karɓar lamunin karatu na NELFUND, wannan ma ka bar shi inda yake; bashi ne da za ka biya, kuma don karatu aka ba ka.

Yanzu maganar abokinka, wadda ita ce mafi nauyi. Wanda ya ba ka kuɗi ya ce duk wata ka ba shi adadi kaza, a ci riba ko a faɗi, uwar kuɗinsa kuma tana nan, ba abokin tarayya ba ne; rance ya ba ka da ƙari a kai. Ka tambayi kowane malami a Katsina zai gaya maka hukuncin wannan. Ko ta fuskar kasuwa ma igiya ce a wuyanka, domin 15,000 a kan 200,000 ya kai kashi 7.5 cikin 100 duk wata, kashi 90 cikin 100 a shekara. Garin kunu ba zai iya ɗaukar wannan ba. Abin da magabatanmu fatake suka yi ta yi da shi tun zamanin ayarin goro shi ne ƙirali, wanda bankuna marasa kuɗin ruwa irin su Jaiz suke kira mudaraba: ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo aiki, a yanke tun farko cewa riba za a raba ta kashi kaza da kaza, misali 60 gare ka 40 gare shi. Idan asara ta zo ba da sakacinka ba, dukiya ce ke ɗaukarta, kai kuma ka yi asarar wahalarka. Tunda kai ma kana da kuɗi a ciki, ku zauna da malami ya daidaita muku rabon.

Kuma ku rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Shekarun baya wasu samari biyu sun zo wurina, tun firamare suke tare, sun haɗa kuɗi sun sayi injin hoton takardu suna aiki a bakin makaranta. Da ɗaya ya gama karatu zai tafi bautar ƙasa, ya ce a ba shi rabin kuɗin injin yadda aka saye shi. Ɗayan ya ce injin ya tsufa, kuma shi ya yi ta biyan kuɗin gyara daga aljihunsa. Na tambaye su takarda, suka kalli juna. Kowannensu gaskiya yake faɗa iya abin da ya tuna, amma har suka fita daga ofishina ba su ƙara haɗa ido ba, kuma abin ya daɗe yana yi mini ciwo. Shafi ɗaya ya isa: nawa kowa ya sa, wa ke riƙe asusu, yaushe ake lissafi, yaya ake rabo, kuma idan ɗaya yana son fita kwana nawa zai bayar kafin a mayar masa da nasa. Ku sa hannu, yayanka ya shaida, wani nasa ya shaida.

To, rajista. Hukumar da ke yi ita ce CAC, dokar da take aiki da ita kuma ita ce dokar kamfanoni ta 2020, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na shekarar. Abu biyu ne ke gabanka. Na farko rajistar sunan kasuwanci: sunan ya zama naka, ka iya buɗe asusun banki da shi, amma a idon doka kai da kasuwar abu ɗaya ne, bashinta bashinka ne. Na biyu kamfani mai "Limited", wanda doka ke ɗaukarsa tamkar mutum mai zaman kansa, yana mallaka, yana cin bashi, ana ƙararsa da sunansa, alhakin masu shi kuma ya tsaya iya hannun jarin da suka ɗauka. Kafin 2020 sai mutum biyu ke iya kafa shi. Yanzu mutum ɗaya ma zai iya, in ya kai shekara 18. Mafi ƙarancin hannun jarin da kamfani mai zaman kansa zai fitar naira 100,000 ne. Wannan ba kuɗin da za ka miƙa wa hukuma ba ne, darajar hannun jarin da masu kamfanin suka ɗauka ce, don haka kada wani ejan ya ruɗe ka da shi.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Idan da sunanka na yanka da na mahaifinka kake ciniki, ba ƙarin komai, doka ba ta tilasta maka rajistar suna ba. Amma ranar da ka fara ciniki da wani suna na daban ka buga a sitika, kwana 28 gare ka ka yi rajista. Shi ya sa shawarata ita ce ka ci gaba da sunanka har ƙarshen wannan zangon karatu, littafinka yana cika. Idan lissafi ya nuna akwai riba ta gaske, ka yi rajistar sunan kasuwanci da kanka ta shafin CAC na intanet, da lambar NIN ɗinka da hoto da sa hannu. Ɗalibin jami'a da ke cike fom ɗin rajistar kwasa-kwasai duk zango ba ya buƙatar ɗan tsakiya a nan. Ka duba kuɗin a shafin hukumar ranar da za ka yi, domin yakan canza. Ka kuma sani cewa rajista tana zuwa da nauyi: duk shekara sai ka shigar da bayanin cewa kasuwar na raye, na sunan kasuwanci kafin 30 ga Yuni, in ka yi sakaci tara na taruwa. "Limited" kuwa ka bar shi sai ranar da wani mai zuba jari na gaske ya zo, ko wata ma'aikata ta ce ba za ta ba ka kwangila ba sai da shi.

Tunda abinci kake sayarwa, hukumar da za ta fi shafarka nan gaba NAFDAC ce, mai kula da ingancin abinci da magunguna. Ranar da kake son kayanka su hau kantar manyan shagunan cikin gari ko su tafi Kano, lambar NAFDAC za a fara tambayarka, ita kuma hukumar za ta nemi takardar CAC, ta zo ta ga wurin da ake haɗa kayan, ta duba abin da aka rubuta a jikin leda: kayan haɗi, adireshi, ranar yi, ranar lalacewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ku ware ɗaki ɗaya ko rumfa mai tsabta, nesa da kaji da awaki, ku riƙa rubuta ranar yi a kowane ƙulli. Gyaɗa kuma ka kula da ita sosai, wadda ta sha danshi ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Duk arharta ka bar ta.

Akwai haɗari guda da ke tattare da kasuwar makaranta: kwastomominka suna tafiya hutu rana ɗaya. A 2022 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk wanda cinikinsa ya rataya a kan ɗalibai kaɗai ya ɗanɗana kuɗarsa. Ka nemi masu saye a cikin gari tun yanzu: ma'aikatan sakatariya, masu jego, masu shagunan unguwa, 'yan kasuwa a babbar kasuwa da ke son abin karin kumallo. Watan azumi kuwa kakar kunun gyaɗa ce. Ka sayi gyaɗa da kaka lokacin da take da sauƙi, ka adana a wuri busasshe, kada ka bari sai Sha'aban.

Tallafi akwai, amma kada ka gina komai a kansa. Hukumar SMEDAN tana rajistar ƙananan 'yan kasuwa tana ba da horo, kuma Gwamna Dikko Radda ya shugabance ta kafin ya hau mulki, jihar ma tana da tata hukumar mai suna KASEDA. Gidauniyar Tony Elumelu tana buɗe neman shiga a farkon Janairu, waɗanda suka dace tana ba su horo da jarin dala 5,000. Dukkansu za su tambaye ka nawa kake sayarwa a wata, nawa kake kashewa, kuma littafin nan naka ne zai amsa. Duk wanda ya ce ka biya shi kuɗi ya sa sunanka a jerin masu tallafi, ka juya masa baya.

Karatunka saura shekara ɗaya da 'yan watanni. Ka tsayar da ranakun kai kaya, a ce Litinin da Alhamis bayan lakca, haɗi kuma Asabar. Sati uku kafin jarrabawa ka rage yi, ko ka bar wa ƙanenka rabon kaya da ɗan ladansa. Bashi ga abokai ka yi masa iyaka: wanda bai biya na farko ba ba ya karɓar na biyu, ka faɗa da fara'a amma ka tsaya a kai.

Idan zango ya ƙare ka ɗauki hoton shafukan littafin ka turo mini, mu duba tare ko farashin 1,200 ɗin ya tsaya ko sai an taɓa shi. Ka gaida mini Hajiya da kyau.