Shin inuwar duniya ce ke rage wata? Bayani kan jinjirin wata, husufi da matsowar azumi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na ƙaramar sakandare. An koya mana cewa wata ba shi da hasken kansa, kuma yana kewaya duniya. Ƙawata ta ce inuwar duniya ce take rufe wani sashe nasa, shi ya sa muke ganinsa siriri idan ya tsaya, sannan ya cika a tsakiyar wata. Idan haka ne, mene ne bambancin wannan da husufin wata, kuma me ya sa ba a yin husufi kowane wata? Sannan me ya sa azumi yake matsowa kowace shekara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da ƙawarki ta faɗa ba daidai ba ne, ko da yake manya da yawa, har da waɗanda suka yi karatu mai zurfi, haka suke zato. Inuwar duniya ba ta da hannu a ƙaruwar wata da raguwarsa. Ba ta faɗawa a kansa sai ranar husufi, kuma wannan ba ya wuce 'yan lokuta kaɗan a shekara.

Kafin a kai ga wata, ya kamata ki raba motsi biyu da ido yake haɗawa. Na farko shi ne juyawar duniya a kan kanta daga yamma zuwa gabas, wadda take ba mu yini da dare a cikin awa 24. Da'ira tana da digiri 360, saboda haka duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya a minti huɗu. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kusan digiri takwas daga gabas zuwa yamma, shi ya sa mutanen Maiduguri suke shan ruwa kimanin rabin awa kafin na Sakkwato, alhali agogonsu ɗaya ne. Wannan juyawar ce take sa rana da wata da taurari su fito daga gabas su faɗi a yamma. Motsi na biyu na watan ne shi kansa: yana kewaya duniya a hankali, daga nisan kilomita 384,400 a matsakaici, kuma yana nufar gabas ne. Ba za ki lura da wannan tafiya a dare ɗaya ba, sai kin kwatanta inda yake yau da inda yake gobe a daidai lokaci guda.

Wata dunƙulallen dutse ne, kuma kamar kowane dunƙulallen abu da haske yake bugawa daga gefe ɗaya, rabinsa da ke fuskantar rana yana cikin haske a kowane lokaci, ɗaya rabin kuma yana cikin duhu. Wannan ba ya canzawa, ko a daren ɗaya ga wata ko a daren sha huɗu. Abin da yake canzawa shi ne yawan abin da muke iya hangowa na wannan rabi mai haske, gwargwadon inda watan ya kai a kewayensa. A ƙarshen wata yana ɓangare ɗaya da rana, hasken yana bayansa, duhun yana fuskantarmu, sai mu ce wata ya ɓuya. Bayan kwana ɗaya ko biyu ya ɗan gusa gabas da rana, sai bakin gefensa mai haske ya leƙo, mu ga jinjirin wata can ƙasa a yamma bayan magariba, kafin ya bi rana ya faɗi. Kowace rana yana ƙara nisa da rana da kusan digiri 12, don haka yakan yi jinkirin fitowa da faɗuwa da kimanin minti 50 a kan na jiya. A daren bakwai za ki same shi rabi, yana tsakiyar sama da magariba. A daren sha huɗu ko sha biyar duniya ce a tsakaninsa da rana, fuskarsa mai haske gaba ɗaya tana kallonmu, kuma yana fitowa daga gabas daidai lokacin da rana take faɗuwa. Daga nan sai ya fara raguwa yana makara, har wajen ashirin da biyu ga wata sai tsakar dare yake fitowa, a kuma gan shi da hantsi yana nan a sama. A kwanakin ƙarshe masu fita sallar asuba ne suke ganinsa siriri a gabas.

Akwai hujja biyu da za ki iya kawo wa ƙawarki, kuma ba sa bukatar wata na'ura. Inuwar kowane abu tana faɗawa ne a ɓangaren da ke kishiyantar haske, don haka idan rana tana faɗuwa a yamma, inuwar duniya tana miƙe ne zuwa gabas. Jinjirin wata kuwa a yamma yake, kusa da inda rana ta faɗi, wato a wurin da ya fi ko'ina nisa da inuwar. Hujja ta biyu tana cikin siffar kanta. Inuwar duniya da'ira ce, bakinta a lanƙwashe yake, ba za ta iya yanka wata da miƙaƙƙen layi ba kamar yadda muke gani a daren bakwai, balle ta bar shi da tumbi irin na daren goma ko sha ɗaya.

Ina ba ki shawara ki gwada da hannunki, domin wannan ya fi duk wani zane na kan allo. Ki shiga ɗaki mai duhu, ki sa wani ya riƙe tocila daga nesa yana haska ki, ke kuma ki riƙe lemo a gabanki da miƙaƙƙen hannu. Tocilar ce rana, kanki ne duniya, lemon ne wata. Idan kin fuskanci tocilar, ɓangaren lemon da ke kallonki duhu ne. Ki riƙa juyawa hagu a hankali, za ki ga haske ya fara siriri a gefensa, ya kai rabi, ya cika lokacin da kika ba tocilar baya, sannan ya koma raguwa. Ki lura cewa duk wannan ya faru ba tare da inuwar kanki ta taɓa lemon ba, muddin kin ɗan ɗaga shi sama da kai. Idan kuwa kin sauke shi daidai saitin kanki lokacin da tocilar take bayanki, inuwarki za ta rufe shi, kuma wannan shi ne husufin wata.

Ɗaga lemon da kika yi ba dabara ba ce kawai, haka abin yake a sama. Hanyar da wata yake bi a kewayen duniya ba a shimfiɗe take daidai da hanyar da duniya take bi a kewayen rana ba, ta karkace da kusan digiri biyar. Digiri biyar kamar ba wani abu ba ne, amma faɗin wata kamar yadda ido yake ganinsa rabin digiri ne kawai, saboda haka karkacewar ta kai ninki goma na faɗinsa. A mafi yawan watanni, idan ya cika yakan wuce ta saman inuwar duniya ko ta ƙarƙashinta, idan kuma ya ɓuya inuwarsa takan kuskure duniya. Hanyoyin biyu suna gittawa ne a wurare biyu kacal, kuma sai rana ta zo saitin ɗaya daga cikinsu, abin da yake faruwa kusan kowane kwana 173, sannan husufi yake yiwuwa. Daga nan za ki gane wata ƙa'ida da ba ta saɓawa: husufin wata ba ya faruwa sai a tsakiyar watan Musulunci, husufin rana kuwa sai a ƙarshensa. Wanda ya ce miki za a yi husufin rana ranar goma ga wata, kada ki tsaya sauraronsa.

Husufin wata na daren 27 ga Yuli, 2018, wanda aka gani a faɗin Afirka, ya zo ne a tsakiyar Zulƙida, kuma watan ya shafe awa ɗaya da minti 43 cikin cikakkiyar inuwa, mafi tsawo a wannan ƙarni. Bai ɓace ba, ja ya yi, saboda iskar da ta lulluɓe duniya tana lanƙwasa jan hasken rana ta kai shi cikin inuwar. Husufin rana na safiyar Laraba 29 ga Maris, 2006, ya zo a ƙarshen Safar, inuwar wata ta ratso Ghana da Togo da Binin, ta bi ta Gusau da Katsina, ta shiga Nijar da Chadi da Libiya. Inda tsakiyar inuwar ta bi gari ya yi duhu na 'yan mintuna, sauran wurare kuwa wani sashe na rana kawai aka ga ya rufe. Dalilin da ya sa ƙaramin abu kamar wata yake iya rufe rana shi ne, ko da yake rana ta fi shi faɗi kusan sau 400, ta kuma fi shi nisa da mu kusan sau 400. Bisa lissafi, ranar 2 ga Agusta, 2027, cikakken husufin rana zai bi ta Masar da Makka, mu a ƙasar Hausa mu ga wani sashe, sannan na 20 ga Maris, 2034, zai ratsa kudancin Nijeriya ya nufi Chadi. Husufin wata ba ya cutar da ido, amma kada ki kuskura ki kalli rana lokacin husufinta, ko da baƙin tabarau ne ko ta cikin ruwan kwano, domin tana ƙona cikin ido ba tare da an ji zafi ba. Ki huda kwali da allura ki bar hasken ya faɗa a ƙasa, ko ki duba ƙarƙashin darbejiya, za ki ga siffar ranar da aka gutsura a tsakanin inuwar ganye.

Amsar tambayarki ta ƙarshe tana cikin lissafin kwanaki. Wata yana gama kewaya duniya a kwana 27 da sulusi, amma a cikin waɗannan kwanaki duniya ita ma ta yi gaba a tafiyarta ta kewaya rana, sai ya zama kamar mai bin ayarin da bai tsaya ba: yana bukatar ƙarin kwana biyu da 'yan awoyi kafin ya sake zuwa saitin rana. Shi ya sa daga ɓuya zuwa ɓuya kwana 29 da rabi ne, kuma tun da ba a ƙidaya rabin kwana, watan Musulunci yakan zama 29 ko 30, ba ya yin 28 ko 31. Ganin jinjirin a yammacin 29 ya dogara ne da nisan da ya yi da rana, domin da wuya ido ya kama shi idan bai kai awa 15 da rabuwa da saitinta ba, ga kuma hazon hunturu da gajimaren damina da suke hana gani. Wannan ne aikin da masu duban wata suke yi kafin fadar Sarkin Musulmi ta yi sanarwa.

Idan kin ninka 29 da rabi sau 12 za ki sami kwana 354. Duniya kuwa tana bukatar kwana 365 da kusan rubu'i kafin ta gama kewaya rana, kuma a kan wannan aka gina kalandar Miladiyya. Rubu'in nan shi ake tarawa a ƙara wa Fabrairu kwana ɗaya duk shekara huɗu, kamar a 2024 da 2028. Bambancin shekarun biyu kusan kwana 11 ne, kuma da shi azumi yake matsowa. A 2016 an fara azumi a Nijeriya ranar 6 ga Yuni, a 2024 ranar 11 ga Maris, a 2025 kuma ranar 1 ga Maris. Cikin kimanin shekara 33 yakan zagaye bazara da hunturu da kaka da damina ya dawo inda ya faro.

Yanayin da azumin yake tararwa kuwa ba ya bin wata ko kaɗan, rana yake bi. Duniya tana kewaya rana ne a jirkice da kusan digiri 23 da rabi, kuma wannan jirkicewa ce take kawo sauyin yanayi, ba kusanci da rana ba kamar yadda ɗalibai suke yawan rubutawa a jarrabawa. A farkon Janairu, lokacin da muke fama da ɗari, duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, kimanin miliyan 152. Abin da yake da tasiri shi ne yadda hasken yake sauka. A Kano, wadda take kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, rana tana tsayawa daidai tsakar ka da azahar a wajen ƙarshen Afrilu, lokacin tsananin bazara, sannan ta sake yin haka a Agusta, sai dai gajimare da ruwan sama suna rage zafinta. A Disamba kuwa takan karkata kudu, haskenta ya sauka a kaikaice, yini ya ragu zuwa kusan awa 11 da rabi, alhali a Yuni yana kusantar awa 13. Saboda haka azumin shekarun da ke tafe zai riƙa faɗawa cikin sanyi da gajeren yini, kuma bisa lissafi shekarar 2030 za ta ga farkon Ramadan sau biyu, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba.