Shin gwamnatoci na sauraron masana kimiyya kan muhalli?

Malam, ka tambaya ko binciken masana ya taɓa sa gwamnatocin duniya sun tashi tsaye a kan matsalar muhalli. E, ya taɓa. A 1974 masana kimiyya biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka yi gargaɗin cewa gas ɗin CFC da ake ɗura wa firij yana cinye rufin ozon, wanda ke kare mu daga mugun hasken rana. A 1985 masanan Birtaniya suka ga rufin ya ɓule a saman Antatika, a 1987 kuma ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montiriyal ta rage amfani da CFC. Yanzu rufin yana farfaɗowa.

Sai dai bincike kaɗai ba ya isa, dole a ba mutane madadi da kuɗin sauyawa. A 1990 aka amince da kafa asusun tallafa wa ƙasashe masu tasowa, aka kuma ɗaga musu ƙafa har 2010 kafin su daina amfani da CFC. Tambayi duk tsohon mai gyaran firij, zai gaya maka yadda R12, wato gas ɗin CFC na firij, ya ɓace a kasuwa, wani gas mai suna R134a ya maye gurbinsa, shi kuma bai rasa sana'arsa ba. A ganina abin da batun ɗumamar yanayi ya rasa ke nan. Ana ce wa ƙasa irin Najeriya ta rage dogaro da fetur, alhali tallafin da aka yi alkawari bai kai ko kusa da abin da ake buƙata ba.