Ina zane amma hankalina ya ƙi zama wuri ɗaya

Tambaya: Salam Malam. Ni matashi ne a Aboabo nan Kumasi, shekara biyu kenan ina zanen hoton mutane da rubutun allon shago. Matsalata in na zauna aiki ba na minti goma sai waya ko abokai sun ɗauke min hankali, kafin in dawo fentin da na haɗa ya bushe. Akwai hoton wata hajiya da na karɓa tun kafin babbar sallah har yau fuskar ta ƙi gamuwa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda ka ce fenti na bushe maka na gane akirilik, wato fentin da ake sirkawa da ruwa, kake amfani da shi, shi kuwa ba ya jiran kowa, in ka shafa shi siriri cikin minti 10 zuwa 20 ya kama, lokacin hunturu wajen Disamba da Janairu ma ko hakan ba ya kaiwa. Fentin mai ne ke yin kwanaki bai bushe ba.

To ni abin da zan gaya maka, kar ka ɓata ƙarfinka wajen neman shiru a zango, babu shi. Ga ƙarar pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, ga mai kiran koko da ƙosai, ga dattijon da zai tsaya a ƙofa kuma wallahi ba ka isa ka ƙi ajiye buroshi ka gaishe shi ba, in ka ƙi kafin la'asar labari ya kai gidanku. Abin yi shi ne ka raba aikin biyu, wanda ke jure katsewa da wanda ba ya jurewa.

Goge allo da samfefa, shafa farin fenti na farko, cike bayan hoto, wanke buroshi, duk waɗannan yi su da rana ana hira ana dariya, ko an kira ka sau goma babu abin da zai lalace. Amma fuska, musamman wajen da haske ke narkewa cikin inuwa a kumatu da gefen hanci, da jan layin haruffa, waɗannan hannu ɗaya ake yi musu. Ni bayan asuba nake yinsu, da gari ya waye wajen ƙarfe 6 zuwa 9 kafin unguwa ta tashi sosai, kuma hasken safiya ba ruwansa da dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ba ya yi maka ƙaryar kala irin ta kwan lantarki.

Sai waya. Na san za ka ce ai hoton hajiyar a ciki yake, to nan ne tarkon. Kana duba yadda idonta yake sai saƙon WhatsApp ya faɗo, daga nan sai TikTok, shikenan an tafi. Je ka a buga maka hoton a takarda, ɗaya mai kala ɗaya baƙi da fari don ka ga inuwa da kyau, ka manna su gefen allo, wayar kuma ta tafi cikin jaka a ɗaya ɗakin. Kwastoman da ya matsu zai sake kira. Magabatanmu da suka riƙa zana fostocin fim a kan buhun fulawa a shekarun 1980 da 1990 ai ba waya a hannunsu.

Wani abu da samari ba sa lura da shi, yawancin lokacin da hannu ke zuwa aljihu neman waya, ba wayar ce ta kira ka ba, ka kai inda ba ka san me za ka yi gaba ba ne. Na taɓa yin sati ina kewaya bakin wani tsoho da nake zanawa, in share shago in sayo shayi in dawo, ashe tsoron leɓen nake. Don haka tun da dare ka yanke abin da za ka taɓa gobe, misali idon hagu da goshi kawai. Ka haɗa kalar fata kashi uku, mai haske da matsakaiciya da mai duhu, kafin buroshi ya taɓa allo. Ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a faranti mai murfi, ka ɗora takarda mai santsi a kai ka zuba fentin, ka ajiye ɗan abin feshin ruwa kusa. Ko an tashe ka, rufe murfi kawai za ka yi.

Ranar da kake allon shago da fentin mai sheƙi kuwa ka buɗe taga ko ka fito waje, warin tina, wato ruwan sirka fenti, da kananzir na kawo ciwon kai da jiri, mutum ya zaci lalaci ne.

Ita hajiya kira ta yau ka ba ta haƙuri, ka sa mata rana, sati ɗaya ya isa. Gobe da safe ka fara da idanu, ka bar mayafin da sarƙar zuwa bayan azahar lokacin da abokan naka suka zo.