Amsa: Kunnen Inna yana kumbura yana dawowa

Hajiya, sannu da jinya. Kin ce sau uku kunnen Inna yana kumbura ya yi jajir, maganin kashe ƙwayoyin cuta bai yi ba. Duba min: in saman kunnen ne, amma ƙasan da ake huda ɗan kunne lafiya lau, likitoci kan zargi wata cuta da ake kira relapsing polychondritis. Garkuwar jiki ce ke afka wa guringuntsi, ba a ɗauka daga wani. Ƙanwata a nan Jidda ta sha fama, ko mayafi ne ya taɓa kunnen sai ta yi ƙara. Ku nemi likitan gaɓoɓi. Ita ƙanwar tawa maganin prednisolone aka fara ba ta, daga baya methotrexate. In muryar Inna ta dishe ko numfashi ya yi wuya, ku garzaya asibiti nan take, maƙogwaro ma guringuntsi ne.