Tambaya da Amsa: Shirin Tafiya Kasuwannin Kirsimeti na Turai a Lokacin Hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna shirin zuwa Jamus da Faransa a watan Disamba domin mu ga kasuwannin Kirsimeti da muka daɗe muna jin labarinsu, musamman na Nuremberg da Strasbourg. Ban taɓa shiga ƙasar da ake dusar ƙanƙara ba, kuma ina gudun in cika akwati da kayan da ba za su amfane ni ba. Me ya wajaba in tanada, me kuma zan iya bari a gida? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abu na farko da ya kamata ki riƙe shi ne cewa waɗannan kasuwanni a fili ake cin su, a dandalin tsakiyar gari, inda ake jera rumfunan katako a kan daɓen duwatsu, kuma armashinsu ba ya fitowa sai an kunna fitilu bayan faɗuwar rana, wadda a Jamus takan faɗi wajen ƙarfe huɗu zuwa huɗu da rabi na yamma a watan Disamba. Za ki shafe sa'o'i a tsaye a waje, a daidai lokacin da sanyi yake sauka kusa da sifili a ma'aunin Selshiyos, wani lokaci ma ƙasa da haka. Duk abin da za ki saka a akwati, ki auna shi da wannan tsayuwar.

Saboda haka na fi son ki fara da ƙafa kafin ki yi zancen kwat. Sanyin da ke kore baƙo daga kasuwa tun bai gama zagayawa ba daga ƙasa yake shigowa, domin dutse yana zuƙe ɗumin jiki ta tafin takalmi. Ki nemi takalmin but mai kaurin tafi, wanda ruwa ba ya ratsa shi kuma ba ya santsi, ya zama yana da ɗan sarari a ciki yadda zai ɗauki safar ulu mai kauri ba tare da ya matse yatsu ba, don takalmin da ya matse yana hana jini zagayawa, ƙafa ta ƙara sandarewa. Kada ki bari sai a can za ki fara saka shi. Ki yi ta yawo da shi na kwanaki kafin tafiya har ya saba da ƙafarki. Takalmi mai tsini kuwa, ki bar shi a gida.

A jiki, sutura uku marasa nauyi a kan juna sun fi babbar riga guda. Ta ciki ta zama mai kama jiki, ta ulu ko ta zaren roba da aka saƙa domin sanyi, saboda auduga tana riƙe gumi, idan ta jiƙe kuma sai ta koma tana sanyaya mutum. A kanta ki ɗora suwaita, sannan kwat doguwa mai tare iska da ruwa, domin a biranen nan yayyafi mai sanyi ya fi dusar ƙanƙara yawa a Disamba. Amfanin wannan tsari shi ne, da zarar kin shiga jirgin ƙasa ko kanti ko gidan abinci za ki tarar da ɗumi sosai, sai ki cire ɗaya ki huta. Ki haɗa da dogon wando na ciki, safar hannu, mayafi mai kauri da hular da ke rufe kunne, da man leɓe da man shafawa, tunda iskar ɗakunan da ake ɗumamawa tana busar da fata. Kwat ɗaya ta isa duk tafiyar, kuma ki saka ta a jiki ranar hawa jirgi maimakon ta cinye rabin akwati.

Game da takardu, Jamus da Faransa duk suna cikin yankin Shengen, don haka biza ɗaya ta wadatar. Ana karɓar takardar nema tun watanni 6 kafin tafiya, ana kuma buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da fasfon da zai ƙara watanni 3 bayan ranar fitarki daga yankin. Ki kuma lura da kwanan wata kafin ki sayi tikiti, domin kasuwar Nuremberg tana buɗewa ne a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba ta rufe ranar 24 ga Disamba, kuma da yawa daga kasuwannin Jamus haka suke, ciki har da ta Dresden wadda tarihinta ya faro daga 1434. Wanda ya sauka ranar Kirsimeti kanta rumfuna a rufe zai tarar, har da kantuna. Ta Strasbourg, wadda ake ci tun 1570, takan cika maƙil a ƙarshen mako, don haka ranakun aiki sun fi daɗin zagayawa, kuma masauki sai an kama da wuri.

Ki riƙe tsabar kuɗin Yuro, ƙananan takardu da sulalla, domin ba kowace rumfa ke karɓar kati ba, ki kuma ajiye su a ƙaramar jaka ta gaba ƙarƙashin kwat saboda masu yankan aljihu a cikin cunkoso. Idan kin sayi abin sha mai zafi za a ƙara miki 'yan Yuro a matsayin kuɗin ajiyar kofi, wanda Jamusawa ke kira Pfand. In kin mayar da kofin a ba ki kuɗinki, in kin so ki riƙe shi tsaraba. Ki sani cewa Glühwein, abin shan da ya fi shahara a can, giya ce da aka ɗumama da kayan ƙamshi, amma akwai Kinderpunsch wanda babu barasa a cikinsa. Yawancin tsiran Bratwurst na naman alade ne, saboda haka ki tambaya kafin ki saya. Gasasshen almon mai sukari ko soyayyen dankalin turawa sun fi sauƙin sha'ani.

Sanyi yana saurin cinye batirin waya, don haka ki tafi da ma'ajiyar caji, ki sa ta a jakar hannu, tunda ba a yarda a saka ta a akwatin da ake aunawa ba, tare da mahaɗin soket mai zagayayyun ƙafafu biyu irin na Turai. Kada ki ɗauki nama ko madara ko cuku, ko da busassu ne, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da su daga waje. Sannan ki bar kusan kashi ɗaya cikin uku na akwatin babu komai saboda tsaraba. Kayan adon gilashi da kofuna za ki naɗe su ne a cikin suwaita da safa ranar dawowa, kwalbar zuma ko duk wani ruwa da ya haura mililita 100 kuma a babban akwati zai shiga.